Baragurbi: Shin a Ɓoye wa Yara Ƙwan da Bai Ƙyanƙyashe Ba?

Bahaushe ya raɗa suna na musamman ga ƙwan da kaza ta kwanta a kansa har kwanakinta suka cika amma bai ƙyanƙyashe ba: baragurbi. Idan aka warware kalmar, ma'anarta a fili take, wato abin da aka bari a gurbi. Uwa ta tashi da ƴaƴanta sun tafi kiwo, shi kuwa yana nan kwance ya yi sanyi, babu mai waiwayarsa sai wanda zai ɗauke shi ya jefar bayan danga tun bai fashe ya cika gida da ɗoyi ba. Daga nan ne kalmar ta yi ƙaura ta koma kan mutane, har mu malamai mukan yi amfani da ita a kan wasu ɗalibanmu ba tare da mun tuna daga akurki ta fito ba. Ni ma ban taɓa tsayawa na yi tunani a kanta ba, sai da ƙwai 5 suka ƙi fashewa a wani ajin firamare, aka nemi shawarata, na kuwa ba da shawarar da har yau nake jin kunyarta.

Ƙanwata ce ke riƙe da ajin, ajin CP, a wani gari na karkarar Damagaram. Yara ne ƴan shekara 7 zuwa 8, yawancinsu Faransanci bai zauna a bakinsu ba tukuna, ƙidaya kuwa suna yin ta kamar waƙa, su kai ashirin ba tare da sun san me ya raba sha uku da sha bakwai ba. Bayan an gama girbi, sanyi ya fara shigowa, sai kazar maigadin makarantar ta shiga kwanci. Ƙanwata ta roƙi tsohon ya bari a mai da kazar darasi. Ya yarda, bisa sharaɗin ba za a kai ta cikin aji ba, domin kaza mai kwanci ba ta son hayaniya. Aka bar ta a ɗan ɗakin da ake ajiye tsintsiya da bokitai, aka sa mata ƙwai 12 ranar wata Litinin. Aka kasa yaran gida goma sha biyu, kowane rukuni ya yi wa ƙwansa alama da fensir. A gefen babban allo ƙanwata ta zana gidaje 21, kowace safiya yaro ɗaya ya fito ya cike gida ɗaya da alli, ya faɗi kwana nawa suka wuce, nawa suka rage, da Hausa sa'an nan da Faransanci. Ranar Litinin ana cike gida uku, saboda Asabar da Lahadi, abin da ya jawo gardama mai daɗi: wasu yaran sun ɗauka kwanakin da babu makaranta ba sa shiga lissafin kaza.

Kada mai karatu ya zaci wani sabon abu aka nuna wa yaran nan. Babu ɗaya daga cikinsu da bai taɓa ganin kaza da ƴan tsakinta ba. Sun san ana zuba wa tsaki gara da tsakin hatsi, sun san inuwar shirwa tun kafin su ɗaga kai, sun ga iyayensu mata suna gwada ƙwai a kasuwa, ko dai a ɗaga shi a rana ko a jefa shi a ruwa, mai kyau ya nutse, lalatacce ya taso. Abin da makaranta ta ƙara musu abu uku ne da gida ba ya cika damuwa da su: ƙidaya, da rubutawa, da tambayar dalili. Marigayi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya nuna a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka cewa tarbiyyar gargajiya ba ta rabuwa da rayuwar yau da kullum, alhali makarantar da Turawa suka kawo ta zo ta gina bango tsakanin yaro da abin da ya sani. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, waɗanda aka fara da su a Damagaram a 1973, yunƙuri ne na huda wannan bango. Kazar maigadi ma, a nata ƙaramin matsayi, hudar bangon take yi. A karo na farko yaron da ba ya iya haɗa jimla da Faransanci ya zama shi ne masani, domin shi ya san cewa kaza takan tashi sau ɗaya a yini ta ci, ta sha, ta yi birgima a ƙasa, ta koma, kuma ba gudun ƙwanta ta yi ba.

Ranar kwana na 8 aka yi abin da ya fi tsaya musu a rai. Aka rufe ƙofar ɗakin, aka toshe taga da zane, ƙanwata ta riƙa ɗora ƙwai ɗaya bayan ɗaya a kan fitilar wayarta, yara suna shigowa rukuni rukuni. A cikin ƙwai 9 aka ga jajayen zare sun bazu kamar saiwar gero, da wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. Sauran 3 kuwa haske ya ratsa su tas, babu komai sai inuwar gwaiduwa. Fiye da shekara 2300 da suka wuce, Aristotal na ƙasar Girka ya bi ƙwan kaza kwana bayan kwana, ya rubuta cewa bayan kwana uku ana ganin ɗigon jini yana bugawa, ya ce zuciya ce. Shi sai da ya fasa ƙwai kafin ya gani. Ƴan CP sun gani ba tare da sun kashe ko ɗaya ba. Tun daga ranar ƙanwata ta san 3 ɗin nan ba za su yi komai ba, mai yiwuwa ma zakara bai bi kazar ba lokacin da ta yi su. Ta gaya wa yaran abin da aka gani, ta ce a mayar da su a jira. Yaro kuwa ba ya yanke ƙauna da wuri. Masu ƙwai ukun suka ci gaba da zuwa gaishe su kowace safiya.

Sai ga kwana na 20. Tun kafin a ga komai, aka fara jin kuka siriri daga cikin ɓawo, uwar tana amsawa ƙasa ƙasa. Dalilin wannan sananne ne: a ƙarshen ƙwai, ta gefe mai faɗi, akwai ɗan gurbin iska, kuma ɗan tsako yakan fara huda shi ya shaƙi numfashinsa na farko tun yana ciki, sa'an nan ya juya ga ɓawon da wani ɗan tsini da ke kan bakinsa, wanda yakan faɗi bayan ƴan kwanaki. Daga hudar farko zuwa fitowa yana iya ɗaukar yini guda, wani lokaci har da dare. A cikin wannan jira ne yake gama janye gwaiduwar zuwa cikinsa, wadda za ta riƙe shi kwana biyu ko uku ko bai ci komai ba, jijiyoyin jinin da ke manne da fatar cikin ɓawo su kuma su bushe. Wanda ya yi gaggawar ɓare masa ɓawo kafin lokacin, yana iya tsinka jijiya, tsakon ya zubar da jini ya mutu a hannun mai taimakonsa. Baba maigadi bai san sunayen waɗannan abubuwa ba, amma ya san hukuncinsu. Da wani yaro ya ga ƙwan rukuninsu ya huda tun safe, har azahar ramin bai ƙaru ba, ya miƙa hannu zai ɓare, sai tsohon ya riƙe masa hannu ya ce: "Bari, ɗana. Ba a buɗe masa ƙofa, shi ke buɗewa."

Washegari da sassafe, kafin yara su iso, aka tarar da tsaki 7 sun bushe suna leƙowa ta ƙarƙashin fiffiken uwarsu. Ƙwai 3 na nan yadda aka san za su kasance. Ɗaya ya mutu tun a tsakiyar hanya. Na biyar kuwa shi ne wanda aka hana yaron nan ɓarewa: bakin tsakon na nan a ramin da ya huda, amma babu rai.

A ranar ne kuma ake sa ran zuwan wasu baƙi tare da wakilan iyayen yara, domin labarin kazar ya bazu. Wani na gaba da ita a wurin aiki ya ba ƙanwata shawara mai sauƙi: a kwashe biyar ɗin a jefar, a aro ƴan tsaki biyar a maƙwabta a cusa ƙarƙashin kazar, kowane rukuni ya samu nasa, baƙi su ga aiki ya yi kyau. Ta kira ni a waya ina shirin fita. Ta ce: "Yaya, ya zan yi?" Ni kuwa, malamin da ya shekara kusan ashirin yana koyar da ƴaƴan mutane, na ce mata: "Ke dai ki yi abin da aka ce. Yara ne, me suka sani? Kada ki ɓata musu rai a banza."

Ba ta bi shawarata ba. Amma kafin in faɗi abin da ta yi, ya kamata in yi wa shawarar tawa adalci, domin ba mugunta ce ta haife ta ba, kuma na san da yawa daga cikin ƴan uwana malamai irinta za su bayar. Hujjar farko tausayi ce. Yaran karkararmu ba su rasa ganin mutuwa ba. Akwai wanda ya rasa ƙane a damina, akwai wadda aka binne uwarta tana kallo. Me zai sa makaranta, wurin da ya kamata ya zama inuwa, ta ƙara musu wani makoki? Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. An sa yaran sun yi wa ƙwai alama, sun ce "namu". Yarinyar da ƙwanta ya zama baragurbi tana iya ɗauka cewa hannunta ne ba shi da albarka, abokanta kuma ba za su rasa yi mata waƙa da shi ba a hanyar gida. Wanda ya san zaluncin da yara ke yi wa junansu ba zai raina wannan ba. Hujja ta uku ita ce ta manya: ai ƙaramar ƙarya ce, ba ta cutar da kowa, ga shi za ta sa iyaye su ƙara yarda da makaranta a garin da har yanzu ake roƙon mutane su bar ƴaƴansu mata su zo.

Na yi kwanaki ina juya waɗannan hujjoji, kuma abin da ya rushe su a wurina shi ne kalmar da na faɗa da bakina: "me suka sani?" Sun sani mana. Yaron da ya tashi a gidan da ake kiwon kaji ya san ba kasafai kaza ke ƙyanƙyashe ƙwanta duka ba. Ya ga ƙwai 3 a fitila babu komai a ciki. Ya san tsakon kwana ɗaya, ya san na kwana huɗu. Da an cusa na aro, da aƙalla rabin ajin sun gane, kuma da sun yi shiru, domin an koya musu kada su ƙaryata babba. To, me za su ɗauka su tafi da shi gida? Ba za su koyi cewa ƙwai duka na ƙyanƙyashewa ba, wannan sun san ƙarya ne. Abin da za su koya ya fi haka muni: cewa makaranta wuri ne da ake faɗin abin da ba haka yake ba, kowa ya sani, kowa ya gyaɗa kai; cewa abin da ake rubutawa a allo da abin da ido ya gani hanyarsu daban; cewa idan baƙo zai zo, gyara lissafi ake yi. Bangon da kazar ta fara hudawa, da hannunmu za mu sake liƙe shi, mu ƙara masa kauri.

Ina ganin ƴaƴan wannan darasi kowace shekara a kolej. Ɗalibi ya shigo ajin farko ya riga ya ƙware wajen ɓoye kuskure. Idan ya yi lissafi ya ga bai dace da na allo ba, ba ya tambayar inda ya ɓace, sai ya goge nasa ya kwafe na malam, kayensa ya fito tsaf kamar bai taɓa tuntuɓe ba. Idan na ce su rubuta mini labarin ranar kasuwar garinsu, sai su kawo mini kasuwar da ke cikin littafi, da kayan marmarin da ba su taɓa gani ba, saboda sun ɗauka abin da ya faru da gaske bai cancanci takarda ba. Ban ce wani malamin firamare ne ya zauna ya koya musu haka ba. Tarin ƙananan gyare-gyare ne irin wanda na ba da shawara a yi, kowane ɗaya da kyakkyawar niyya. Kuma al'ummar da ta saba tun tana ƙarama da cewa adadi abin ado ne, kada ta yi mamaki in ta girma ta tarar rahotannin ofisoshinta ba su da alaƙa da abin da ke rumbu ko abin da ke asibiti. A Faransa, lokacin da Georges Charpak, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar fizik a 1992, ya jagoranci shirin koyar da kimiyya ta hanyar taɓawa da gwadawa a firamare a tsakiyar shekarun 1990, ɗaya daga cikin ginshiƙan shirin shi ne kowane yaro ya riƙe kayen da yake rubuta abin da ya gani da kalmominsa, har da gwajin da bai yi nasara ba. Ba sai muna da kayan aikinsu ba kafin mu riƙe wannan ƙa'ida. Alli da gaskiya sun isa.

Sai dai kuma faɗin gaskiya daban, baje ta a faifai daban, kuma a nan ne na ga ƙanwata ta fi ni hankali. Ba ta fasa ƙwan da ya mutu a gaban yara ba, ba ta nuna musu gawar tsakon ba. Ta roƙi Baba maigadi ya haƙa rami bayan aji ya binne su, wanda yake so ya raka shi ya raka. Ba ta kira sunan rukunin da ƙwansu bai fito ba. Ta ce tun da tsaki sun fito sun cakuɗe, babu mai iya cewa wannan na wane ne, don haka bakwai ɗin na aji ne duka, biyar ɗin ma na aji ne duka. Sa'an nan ta je allo, ƙarƙashin gidaje 21 da suka cika, ta rubuta 12, ta tambaya nawa suka fito, nawa suka rage a gurbi. A ranar ne, in ji ta, yawancinsu suka fara gane cewa ragewa ba waƙa ba ce. Tausayin da na fake da shi, ita ce ta yi aiki da shi, amma a wurin da ya dace: ta tausasa yadda za a faɗa, ba ta taɓa abin da za a faɗa ba.

Yaron da aka riƙe wa hannu bai haƙura ba. Ya tashi a gaban baƙi, idonsa ya ciko, ya ce: "Madam, da an bar ni na taimake shi, da bai mutu ba." Aji ya yi tsit. Amsoshi biyu masu sauƙi suna gabanta. Tana iya cewa "a'a, ko ka taimake shi mutuwa zai yi", ta wanke tsohon. Tana iya cewa "kwanansa ne ya ƙare", ta rufe maganar da abin da babu mai musu a kansa. Sai ta ce: "Ban sani ba. Sau da yawa in aka ɓare musu, jini suke zubarwa su mutu, shi ya sa Baba ya hana ka, kuma ya yi daidai da abin da ya sani. Amma wannan ɗin, ko da ya rayu, ko da bai rayu ba, ni ban sani ba." Masu kiwon kaji da injin ƙyanƙyasa ma sun san akwai tsakon da yakan maƙale saboda fatar ciki ta bushe ta manne masa, musamman in iska ta yi ƙarancin laima kamar yadda take a hunturunmu, kuma irin wannan wani lokaci taimako cikin hattara yakan cece shi. Ke nan yaron ba shirme ya faɗa ba, tsohon ma bai yi wauta ba. Mutum yana iya bin ƙa'ida mai kyau, sakamako ya zo da baƙin ciki. Wannan magana ce da manyan masana ɗabi'a suka daɗe suna kai da komo a kanta, ga ta ta faɗo a ajin CP, kuma malama ba ta kore ta ba. Ni a shekarun da na yi ina koyarwa, zan iya ƙirga ranakun da na ce wa aji "ban sani ba" da yatsun hannu ɗaya, alhali ranakun da ban sani ɗin ba Allah kaɗai ya san yawansu.

Wannan ya dawo da ni ga kalmar da na fara da ita. Idan muka zauna taron ƙarshen shekara muna tace sakamako, mukan ce wane baragurbi ne, a sallame shi. Amma duk wanda ya bi kwanakin nan 21 ya san ƙwai ba ya zama baragurbi don taurin kai. Wani tun farko ba a ba shi abin da zai rayu da shi ba. Wani yana gefen gurbi ne, zafin uwa bai kai gare shi sosai ba, domin ƙwai na bukatar ɗumi kusan digiri 38 ba yankewa, kuma in an tara wa kaza fiye da abin da fiffikenta zai rufe, na gefe ne ke shan sanyi. Wani ba a juya shi yadda ya kamata ba. Malamin da ke da ɗalibai tamanin ko ɗari a aji ɗaya ya san su wane ne ke gefen gurbi. Yawanci ma ya san bencin da suke zama. Ba na so in ja kwatancen ya wuce iyakarsa, domin yaro ba ƙwai ba ne: ƙwan da ya yi sanyi ya tafi ke nan, yaro kuwa yakan farfaɗo bayan shekaru, a hannun wani malami, ko a wata sana'a, ya ba waɗanda suka yanke masa hukunci kunya. Abin da nake nufi kawai shi ne, mun karɓi sunan daga akurki amma mun baro tambayar da ke tare da shi. Ƴan CP da suka ga biyar ɗinsu, abin da suka fara tambaya shi ne "me ya same su?" Mu kuwa a taronmu ba mu cika yin wannan tambaya ba, jimla muke bugawa, mu ware waɗanda za su ɓata mana kashi cikin ɗari kafin jarrabawa, wanda in aka duba da kyau ba shi da nisa da aron tsaki a maƙwabta.

Baƙin sun tafi, ban ji an yaba wa ƙanwata ba, ban kuma ji an tsawata mata ba. Daga cikin tsaki bakwai, shirwa ta ɗauki ɗaya a mako na biyu, ciwon kaji da ke zuwa da sanyi ya kashe biyu, aka sake komawa allo aka rage. Huɗu suka girma, zakara ɗaya da kaji uku. Aka bar wa Baba maigadi kajin, tun da uwar tasa ce, zakaran kuma aka sayar gab da salla aka sayo alli da fensir. An sha kuka ranar da aka kai shi kasuwa, har tsohon ya tuna musu cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Da damina ta kusa, lokacin da zabi ke fara zuba ƙwai, yaran suka roƙi a sa wa kazar ƙwan zabi kamar yadda ake yi a gidajensu. Ƙanwata ta ce to, amma sai sun gaya mata gida nawa za ta zana a allo. Aka aika su tambayar kakanninsu, suka dawo da amsoshi mabambanta, wasu 26, wasu 28, wata ta ce kakarta ta ce wata guda. Ta zana 30, ta ce a bari ƙwan ya raba gardama. Yaron nan da aka riƙe wa hannu shi ya nemi a ba shi aikin ajiye kaskon ruwa kusa da gurbin, yana yayyafa wa ƙasa kowace safiya, domin ya ji an ce bushewa ce ke maƙale tsako a ɓawo.